Cinikin biri a sama: sayen ruwan inabin Bordo tun yana cikin ganga

"Malam, barka da aiki. Ina zaune a Ingila, shekarata tara ina aikin jinya. Wani kantin ruwan inabi da nake hulɗa da shi ya aiko mini da tayin sabon girbin Bordo ta ƙasar Faransa, na wani sanannen gidan gonar inabi da ke Pauillac a yankin: akwati mai kwalba 6 a kan fam 2,400. In biya yanzu, a ba ni kayan bayan kamar shekara biyu. Sun ce masana sun yaba girbin ƙwarai, kuma in ban saya a makon nan ba zai ƙare. Farashin ya fi na bara da kusan kashi 20 cikin 100. A shekarar girbin aka haifa mini 'ya mace, shi ya sa nake so in ajiye abin da zan buɗe ranar aurenta, in kuma ya yi daraja in sayar da rabi. In saya ko in haƙura?"

Ɗan'uwa, Allah ya raya jaririya, ya nuna mana ranar aurenta lafiya. Kafin in shiga magana, na san yawancin masu jin harshenmu Musulmi ne, kuma a wurinsu wannan haja haramun ce, sha da sayarwa. Amsar nan taka ce da ire-irenka waɗanda abin ya shafa.

In na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa a wuri guda. Ta farko ta uba ce mai son ajiye wa 'yarsa abin tunawa. Ta biyu ta mai juya kuɗi ce da ke son ya san ko jarinsa zai haihu. Masu kanti suna son a cakuɗa su, domin idan lissafi ya ƙi sai soyayya ta cike giɓin. Ni kuwa zan raba maka su. Na yi shekaru 14 ina aiki a wani kamfanin fataucin ruwan inabi a Landan, kusan kowane watan Afrilu ina Bordo wurin ɗanɗanon sabon girbi, kuma na sayar wa mutane irin wannan tayi da hannuna sau ba adadi.

Yadda cinikin yake tafiya

Faransawa suna kiran wannan ciniki en primeur, ni kuma zan riƙa ce masa sayen cikin ganga. Ana tsinke inabi a watannin Satumba da Oktoba, a matse, ya tsumu, a zuba shi a gangunan katako masu cin lita 225, wato kwalba 300 kowace ganga. A watan Afrilu mai zuwa, lokacin ruwan bai wuce wata shida ko bakwai ba, sai 'yan kasuwa da masu rubutu daga ko'ina a duniya su cika garin su ɗanɗana. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni kowane gida ya fitar da farashinsa. Ruwan zai ci gaba da zama a ganga, sai bayan wata 18 zuwa shekara biyu a ɗura a kwalba a kai wa wanda ya biya.

Kuɗinka kuma ba kai tsaye yake isa gonar ba. Gidan gona yana sayar wa manyan 'yan sarin Bordo ta hannun dillali mai karɓar la'adar kashi 2 cikin 100. 'Yan sarin su ɗora ribarsu su sayar wa kantuna a Landan ko Hon Kon ko Niyok, kantin ya ɗora tasa ya sayar maka. Fam 2,400 ɗin nan hannu huɗu suka taɓa shi.

Wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san falle: manomi ya matsu da damina, ya karɓi kuɗi a hannun mai hali, da kaka ya biya da hatsi. Mai kuɗin yana samun hatsin da araha saboda ya jira, ya kuma ɗauki kasadar fari da ƙwari. Asalin cinikin Bordo ke nan. A da gidajen gonar suna buƙatar kuɗi da wuri don biyan ma'aikata da sayen ganguna, sai su karya farashi ga wanda ya yarda ya biya kafin ya gani. Yau kuwa manyan gidajen na hamshaƙan attajirai ne da kamfanonin inshora da na kayan ƙawa. Manomin ya fi mai ba da fallen kuɗi nesa ba kusa ba. To idan ba matsuwa ce ta sa shi sayarwa ba, me zai sa ya rage maka? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka riƙe a zuciya.

Abin da aka ɗanɗana ba shi za a ɗura ba

Bari in nuna maka yadda yabon nan da aka aiko maka yake samuwa. Ƙarfe tara na safe kana tsaye a ɗakin ajiya mai sanyi, yatsu sun ƙage, an jera kofuna a kan tebur. Ruwan da aka ɗebo baƙi ne wuluk, yana da bauri kamar ka tauna ɗanyar ayaba. Ka kurɓa, ka juya a baki, ka tofar a bokiti, ka rubuta layi biyu, ka shiga mota zuwa gida na gaba. Kafin azahar haƙoranka sun rine, dasashi ya yi tsami. A rana guda mutum yakan ɗanɗana samfuri 50 ko fiye. Daga wannan ne ake cewa wane ya sami maki 96 zuwa 98 cikin 100.

Ka lura da cewa makin nan tazara ake bayarwa, domin su kansu masanan sun san abin bai gama zama ba. Samfurin da aka ba mu gidan ne ya zaɓa, daga gangar da ya ga dama, kuma haɗin ƙarshe na nau'o'in inabin, Cabernet Sauvignon da Merlot da sauransu, yana iya canzawa kafin ɗuri. Ba na zargin kowa da ha'inci. Amma duk mai kai 'yarsa gidan miji sai ya yi mata kwalliya. Ni kaina akwai ruwan da ya burge ni a ganga, bayan shekara uku na same shi a kwalba ya zama salam, akwai kuma wanda na raina ya ba ni kunya. Harshen mutum yana da iyaka, nawa ma haka, kuma ruwan da aka yi maka tayi ban sa shi a bakina ba, don haka a kan lissafi zan tsaya maka.

Abin da shekarun baya suka koya mana

Duk mai tallan sayen cikin ganga zai ambata maka 1982. A shekarar da ta biyo baya wani Ba'amurke mai rubutu kan ruwan inabi, Robert Parker, ya yabi girbin tun yana ganga, alhali wasu masana suna ɗari-ɗari. Waɗanda suka bi maganarsa sun saya da araha, kayan suka ninka sau da yawa, shi kuma sunansa ya kafu har ya zama makinsa ke motsa farashi tsawon shekaru talatin. Labarin gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne girbin 1997, wanda aka sa wa tsada alhali ruwan marar nauyi ne, masu saye suka wayi gari ana sayar da shi a kasuwa ƙasa da abin da suka biya.

Misalin da ya fi zama darasi a wurina shi ne na gidan Lafite Rothschild, ɗaya daga cikin gidaje biyar masu daraja ta farko. Huɗu daga cikinsu, Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, tun jerin darajar gidaje na 1855, zamanin Napoleon na Uku, suke kan wannan matsayi, sai Mouton Rothschild da aka ɗaga a 1973. Girbin 2008 ya fito kasuwa a 2009, duniya tana tsakiyar karyewar tattalin arziki, kowa ya ƙanƙame aljihunsa. 'Yan sari suka fitar da kwalbar Lafite a wajen yuro 130. Ba a jima ba masu saye daga ƙasar Sin suka yi caa a kan sunan gidan, aka kuma buga alamar lamba takwas da rubutun Sinanci a jikin kwalbar, lambar da suke ɗauka ta sa'a. Farashi ya yi tashin gwauron zabi. Wanda ya saya a ganga ya ci riba mai tsoka.

Sai girbin 2009 da na 2010 suka zo, dukansu nagartattu, babu musu. Gidajen suka ga ribar da wasu suka ci a kansu, suka ce ba za a sake ba. Lafite na 2009 ya fito a wajen yuro 550, na 2010 a wajen yuro 600. A tsakiyar 2011 kasuwa ta juya baya, ta yi ta gangarowa shekara da shekaru. Akwai wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya, da na ba shi shawara ya sayi akwati biyu na girbin 2010 daga wani babban gida, na ce masa irin wannan girbi ba ya faɗuwa. Bayan shekara huɗu matarsa ta kwanta ciwo, ya kira ni in sayar masa. Da na faɗa masa abin da kasuwa ke bayarwa sai ya yi shiru a waya, can ya ce, "To, a sayar." Bai zarge ni ba ko da kalma ɗaya. Har yau abin yana ci mini rai, kuma tun daga ranar na daina haɗa kyawun ruwa da kyawun ciniki a jimla guda.

Shekarun baya-bayan nan ma zanen bai canza ba. Girbin 2019 ya fito a tsakiyar annobar korona a 2020, ba a ma yi taron ɗanɗano yadda aka saba ba, gidaje da yawa suka zaftare kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ruwa mai kyau, farashi mai sauƙi, masu saye suka ji daɗi. Girbin 2022, na shekarar zafi da fari da gobarar daji a yankin, ya sha yabo, aka ɗaga farashi, Lafite ya fito a yuro 580. A daidai lokacin kasuwar ta fara sanyi. Na 2023 ya sauko zuwa yuro 396, na 2024 zuwa yuro 288, wato kusan rabin na 2022. Kwalaben 2022 da dama sun iso hannun masu su ana sayar da irinsu ƙasa da abin da aka biya tun a ganga.

In ka jera waɗannan shekaru za ka ga abu guda. Masu saye sun ci riba ne lokacin da gidajen suka tsorata suka rage farashi. Lokacin da kowa ke kirarin girbin kuwa, gidan ya riga ya sa kuɗin kirarin a cikin farashin. Tayin da ke hannunka, mai yabo da ƙarin kashi 20, ya fi kama da rukuni na biyu.

Lissafin fam 2,400

Mu ɗauka ka bar kuɗin a asusun ajiya mai ba da kashi 4 cikin 100 a shekara. A shekara biyu za su haifi kusan fam 200. Wannan shi ne abin da ka yafe wa gidan gona da kantin, rance ne ka ba su babu kuɗin ruwa. Idan kayan suka iso, za a ajiye su a siton kwastan inda ba a biyan haraji sai an fitar, kuma sito yana da kuɗin haya da inshora kowace shekara, a zamanina fam goma sha wani abu a kan akwati. Ranar da za ka sayar, dillali ko gidan gwanjo zai cire la'adarsa, galibi wajen kashi 10 cikin 100. In ka tara su, sai akwatin ya kai kusan fam 2,900 kafin ka dawo da uwar kuɗinka da abin da banki zai ba ka. Tashin kashi 20 ke nan kafin a fara zancen riba. Kuma ka ce rabi za ka sayar: akwatin da aka fasa ba ya daraja kamar wanda yake a rufe da ƙusoshinsa na asali.

Idan kuma sha za a yi, farashin da aka faɗa maka ba shi ne ƙarshe ba. Ranar fitarwa daga sito za ka biya harajin barasa, kusan fam 3 a kwalba, da harajin saye na kashi 20 cikin 100, wanda shi kaɗai ya kusa fam 500. Mutane da yawa ba sa tunawa da wannan sai takarda ta iso.

Yanzu ga gwajin da ni nake yi, kuma shi ne zuciyar amsata. Ka nemi farashin girbin baya na wannan gida ɗin dai, waɗanda darajarsu ta yi daidai da sabon, misali 2016 ko 2019 ko 2010. An riga an ɗura su, masana sun sake ɗanɗana su a kwalba sun ba da maki tsayayye, sun kuma yi shekaru suna nuna, wani ne ya biya kuɗin sitonsu. Farashinsu a fili yake. 'Yan kasuwa suna duba Liv-ex, kasuwar ruwan inabin da aka kafa a Landan a shekarar 2000, kai kuma kana iya kwatanta farashin kantuna uku ko huɗu a intanet cikin rabin sa'a. Idan za ka sami na 2016 a fam 2,300 a kawo maka gobe, babu dalilin biyan 2,400 a kan abin da ke ganga. Ni ba na saye sai sabon ya gaza tsohon takwaransa da aƙalla kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Ladan jira ke nan da ladan kasada. In babu shi, cinikin biri a sama ka yi, kuma a farashin wanda ke ɗaure a ƙasa.

Maganar "zai ƙare a makon nan" ma ka auna ta. Manyan gidajen Pauillac gonakinsu faffaɗa ne, Lafite kaɗai ya haura hekta 100, dubban akwatuna suke fitarwa kowace shekara. Kason da aka ba kantinka yana iya ƙarewa, ruwan kuwa yana nan, zai dawo kasuwa bayan ɗuri. Gidan Latour ma tun 2012 ya fice daga wannan ciniki baki ɗaya, yana riƙe kayansa sai sun nuna sannan ya fitar, kuma masu sonsa ba su rasa shi ba.

Inda saye da wuri yake da ma'ana

Akwai wuraren da zan ce maka saya ba tare da dogon lissafi ba. Ƙananan gidajen Pomerol, wani yanki na Bordo, irin su Petrus da Le Pin da Lafleur gonakinsu 'yan hektoci ne, masu nema sun fi kayan yawa, wanda ya sami kaso a farashin farko ya dace. Sai dai irin wannan kaso ba a aiko wa mutum da shi a wasiƙar talla, tsofaffin abokan ciniki ake kira a waya. Na biyu, a ganga ne kawai kake iya zaɓar girman kwalba. Na uku, asali: kayan da suka fito daga gida suka shiga sito da sunanka babu shakkar jabu a kansu, kuma jabu matsala ce ta gaske, tunda a 2014 wata kotu a Amurka ta ɗaure Rudy Kurniawan shekara 10 saboda haɗa kwalaben bogi na miliyoyin daloli. Amma wannan damuwa ta fi shafar tsofaffin kwalabe da suka yi yawo hannu-hannu, ba girbin da aka ɗura bara ba.

Sai kasadar da mutane suka fi mantawa, wato kantin kansa. Shekara biyu ba ka riƙe da komai sai rasit. A Janairun 2016 wani kanti mai suna Premier Cru a Berkeley ta jihar Kaliforniya ya karye, aka gano mai shi ya daɗe yana sayar da ruwan da bai taɓa saya ba, yana biyan tsofaffin masu saye da kuɗin sababbi. An ɗaure shi, amma dubban mutane sun yi asarar kuɗinsu. Abin da ya ja su shi ne farashinsa ya fi na kowa araha. Don haka in har za ka saya, ka tambayi shekarun kantin a wannan sana'a, ka nemi a rubuta maka cewa da zarar kaya sun iso za a ajiye su da sunanka da lambar akwatinka, ba a cikin tarin kayan kamfani ba. In da hali ka biya da katin bashi, domin a Ingila doka tana ɗora wa bankin katin alhaki tare da mai sayarwa a kan kayan da kuɗinsu ya haura fam 100.

Abin da zan yi da ni ne kai

A matsayin jari, ka haƙura. Albashin jinya da gumi ake samunsa, dare da rana a tsaye, kuma babu wanda zai iya ba ka tabbacin inda kasuwar nan za ta kasance nan da shekara biyar. Ruwan inabi ba ya ba da riba duk shekara kamar hannun jari ko gidan haya, ci yake yi, kuma ranar da ka matsu ba lallai ka sami mai saye a farashin da ke rubuce ba. Kuɗin da za ka iya buƙata don makarantar yarinya ko wata lalurar gida kada su shiga ganga.

A matsayin uba kuwa, burinka mai kyau ne, kuma ruwan Pauillac na girbi mai ƙarfi yana kai shekara 25 zuwa 30 cikin ƙoshin lafiya, muddin ya zauna a wuri mai sanyin digiri 12 ko 13, a kwance, ba haske. Shekarar haihuwar 'yarka ba za ta gudu ba. Ka jira shekara biyu a ɗura shi, masana su sake ɗanɗanawa, ka ga farashin da kasuwa ta tsayar. In ya hau kaɗan, ka biya ɗan ƙari a kan abin da ka tabbatar da shi. In ya sauka, kamar yadda ya faru da na 2010 da na 2022, ka tsira da ɗaruruwan fam.

Idan zuciyarka ta ƙi jira, to ka rage abin. Ka bar manyan sunaye, ka duba gidajen Saint-Julien ko Saint-Estèphe, maƙwabtan Pauillac, masu matsakaicin farashi, waɗanda a shekara mai kyau suke ba da ruwa mai daɗewa a kan kaso kaɗan na wannan kuɗi. Ka ce a ɗura maka a babbar kwalba mai lita ɗaya da rabi, wadda ake kira magnum, domin ruwa ya fi jinkirin tsufa a cikinta, ta kuma fi dacewa da teburin biki. Guda uku sun isa. Ka bar su a sito a nan Ingila ko da ka koma gida, don zafin Abuja da ɗaukewar wuta za su lalata su cikin rani ɗaya. Sai biki ya matso a ɗauko.

Kafin ka amsa wa kantin, ka aika musu da tambaya guda: nawa suke sayar da na 2016 da na 2019 na wannan gida a yau, a akwati mai kwalba 6, cikin sito? Ka ajiye amsarsu kusa da fam 2,400 ɗin, ka turo mini lambobin mu duba tare.